Reshe Biyu a Kwalba Ɗaya

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin rama sallolinki, kin sa wani abu mai zafi a cikinki. Allah Ya tsare ki a Kanada kamar yadda Ya tsare ki a nan Deira ta Dubai tun kina rarrafe, Ya sa aikin jinyar da ya kai ki ya zame miki alheri, ke da waɗanda za ki yi wa. Abbanki yana gaishe ki. Ya ce in rubuta miki ki riƙa sa rigar sanyi, ki kuma adana fasfonki. To ga shi na rubuta, halas in ji Larabawa, nasa ya ƙare. Nawa ne mai tsawo, sai ki gyara zama.

Amma kafin ki zauna, tashi. A aljihun jakar hannunki akwai robar nan da na naɗe da tsohon ɗankwalina, wadda muka yi za ki nuna wa ma'aikatan filin jirgi tare da takardar izinin da Abbanki ya sha zirga-zirga a kanta. Buɗe ta. Reshe ne guda na furen Inna, gindinsa a cikin jiƙaƙƙiyar auduga. Nemi kwalbar gilashi, ko ta zuma ce, ki wanke ta tas, ki zuba ruwan da ba sanyi ba zafi, ki tsoma gindin kawai. Na ga murmushin da kika yi lokacin da nake cusa shi a jakar, murmushin nan naki na "Umma da fulawarta". Yi abinki. Sa shi a ruwa tukuna, sannan ki dawo ki ji dalilin da ya sa na ɗora miki wannan kaya.

Ba ki san Inna ba sai a hoto. Mahaifiyata ce, kuma furen nan a bakin rijiyar gidanmu na Gwammaja a Kano ya girma. Har yau ban san sunansa na boko ba, ban kuma nema ba. Kara mai taushi, ganyen da in kin murza yake bar miki ƙamshi a yatsa, jajayen furanni ƙanana a dunƙule: furen Inna ke nan. Tana da wata al'ada. Duk ɗan da zai bar gida, ko aure ko karatu ko fatauci, sai ta yanki reshe guda, ta sunkuya ta kira sunan mai tafiyar a kansa, ta yi masa addu'a, ta tsoma a kwalba. Da ya yi saiwa sai ta dasa shi a ƙasa, ta juya baya, ba ta ƙara bi ta kansa fiye da sauran shuke-shuke. Takan ce zaman ruwa na ɗan lokaci ne, kada a bari ya wuce lokacinsa. Ni dai a lokacin kunne kawai nake ba ta. Da Abbanki ya samu aiki a nan ya ɗauko ni, na taho da reshe guda, na taho da rabin al'adar, na baro rabin da ya fi muhimmanci a bakin rijiya.

Kin san yadda garin nan yake. A can inda kika je sanyi ne yake kashe shuka, mu a nan zafi ne. Da iska ta fara zama kamar ta bakin murhu, duk abin da ke baranda sai ya ƙone ƙurmus. Shi ya sa kika taso kina ganina ina yanko rassa kafin zafi ya kankama, in jera su a kwalabe a tagar kicin, su yi zamansu a ruwa har sanyi ya dawo in mayar da su tukwane. Abin da za ki yi ke nan, sai dai naki a juye yake. Ke za ki tsallakar da shi sanyi ne. Ga kurakuran da na yi, don kada ki ɓata lokacinki kina maimaita su.

Shekarar farko na yanko rassa da furanninsu a kai. Sun yi mini kyau a taga, ga shi ina sabuwar zuwa, ina son matan abokan aikin Abbanki su shigo su ce kai, gidan Rabi ya yi. Sun kuwa faɗa. Ba a jima ba furannin suka zube, rassan suka lanƙwashe, ko zaren saiwa ɗaya babu. Duk ƙarfinsu ya tafi wajen riƙe furen da na hana su saki. Saboda haka in kika ga naki ya fito da toho zai yi fure cikin watannin nan, sa farce ki tsinke shi, kada ki ji tausayi. Ke ma haka. Na san halinki sarai, kina sauka za ki so ki nuna wa duniya kin zauna daram, ki yi ta ɗaukar hoto a cikin ƙanƙara kina dariya. Ba wanda ya aike ki. Koyi hanyar asibitinki, san maƙwabcinki, gano inda ake sayar da abincin da cikinki zai karɓa. In kin ji kewa ki ce kin ji kewa.

Kuskure na biyu, na bar ganye a cikin ruwa. Yanka ake yi daidai ƙasan gaɓa, nan inda ganye yake fitowa, domin daga nan saiwa take tsirowa, sannan a zare duk ganyen da ruwa zai taɓa. Ni kuwa ƙyuya ta hana ni. Ganyen ya ruɓe, ruwan ya yi yauƙi, kicin ya ɗauki wani wari kamar na kwata. Kin san abin da uwarki mai wayo ta yi? Turaren wuta na kunna. Na yi ta turara kicin ina barin ruwan yadda yake, har Abbanki ya tambaye ni ko ɓera ne ya mutu a bayan firiji. Ki riƙa sauya ruwa tun bai yi duhu ba, ki ɗauraye kwalbar, ki jefa ɗan guntun gawayi a ciki, irin na kaskon turare da na sa miki a akwati, yana hana wari. In gindin ya yi baƙi ya yi laushi, yanke wurin da wuƙa mai tsabta ki sake tsomawa. Kuma abin da ya dame ki a zuciya, kada ki bi shi da turare. Faɗa wa wani mai hankali tun yana ƙarami. Ni ban yi haka ba, yanzu za ki ji inda abin ya kai ni.

Sauran ƙanana ne. Na taɓa ajiye kwalabe a ƙarƙashin esi, iskar ta busar da su. Ke kada ki jingina naki da gilashin taga, an ce da sanyi gilashin can kamar ƙanƙara yake, kada kuma ki ɗora shi a kan hitar ɗumama ɗaki. Wuri mai haske, nesa kaɗan da taga. Kada ki riƙa zaro shi kullum kina duba ko ya yi saiwa, don na kashe da yawa da wannan leƙen. Saiwar ruwa fara ce, siririya, taɓawa kaɗan take karyewa.

To, yanzu maganar Yayanki.

Kin san yadda ya rasu, kina da wayonki lokacin. Yana aiki da masu kago, masu safarar kaya ta ruwa, a bakin ruwan Deira, yana rubuta kayan da ake lodawa a jiragen katakon nan. Ya matsa sai ya bi jirgi sau ɗaya ya ga inda kayan suke zuwa. Iska ta taso musu a tsakiyar teku, ya faɗa, ba a ga gawarsa ba. Aka yi masa sallah babu gawa a gaba. Ba mu wanke shi ba, ba mu sa shi a likkafani ba, ba mu da wurin da za mu je mu tsaya mu ce a nan yake. Wannan duk kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da na yi ranar da zai tafi.

Shi ɗan fari ne. Ke da kika girma a nan kina ganin abin kamar wasa, har kina tsokanata wai Umma ta manta sunan ɗanta. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce, kara ce, haka na taras, haka na yi. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan", da aka haife ki na samu sauƙi na koma "Yayanki". Ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba. In ya yi abin kirki sai in ce wa Abbanki ya gaya masa ya kyauta. Ranar tafiyar ya durƙusa ya yi mini sallama, na ce Allah Ya kiyaye, ina kallon tukunyar da ke kan wuta. Da ƙofa ta rufe sai na fita baranda, na yanko reshe, na tsoma a kwalbar zuma. Babu kowa a gidan. Na sunkuya, na kai bakina daidai bakin kwalbar, na kira sunansa. Sau ɗaya tak yana raye na kira yaron nan da sunansa, kuma ba shi na kira wa ba, ruwa na kira wa.

Da labari ya zo, mata suka cika fulat ɗin nan, kowa yana yaba haƙurina. Wai Hajiya Rabi ko ɗigon hawaye. Ina zan yi kuka a kan ɗan fari a gaban jama'a? Sai in shiga kicin kamar zan ɗora shayi, in tsaya a gaban kwalbar. Reshen ya yi saiwa fara tas, lafiya lau. Sanyi ya zo, na dasa duk sauran, shi na bar shi. Na ce wa kaina tukwane ne suka ƙare. Wata shekarar na ce ƙasar da aka sayo ba ta da kyau. Gaskiyar magana ita ce, in na dasa shi ya zama shuka kamar kowace shuka, ni kuwa a kwalbar nan kaɗai nake da ɗa. Reshe ba ya daɗewa a ruwa bai gaji ba, don haka duk shekara in ya yi tsawo ya rame, sai in yanke kansa in mayar cikin kwalbar ya sake sabuwar saiwa, in zubar da tsohon karan. Haka na riƙe shi shekara da shekaru. Ku kuna wucewa kuna ɗaukar kofi a gefensa, ba wanda ya taɓa tambaya.

Abin da zan faɗa yanzu, ni ma na yi ta neman gafarar Allah a kansa. Na sani wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa, ba ya zama a kwalba. Ban ce miki ga abin da yake ba. Abin da idona ya gani kawai zan gaya miki.

Ruwan kwalbar nan ya fi na sauran saurin raguwa. Tare nake cika su, taga ɗaya, rana ɗaya, amma nasa sai in taras ya sauka. Sannan bakin kwalbar ya fara yin wani farin ɓawo. Na nuna wa Abbanki ban gaya masa ta wane ce ba, ya ce ruwan famfon garin nan daga teku ake tace shi, dole ya bar alama. Na ce to. Na koma zuba ruwan gora, wanda muke sha. Sauran kwalabe tas, ita kaɗai take yin farin. Wata rana da hantsi, rana tana haska kicin, na sa yatsa na lakato na kai harshena. Gishiri ne, Nafisa. Na ɗaga kwalbar na kurɓi ruwan da ni da kaina na zuba daga gora jiya-jiya, na ji ɗanɗanon da nake ji a leɓena in muna tsallake ruwa a abra, kwalekwalen fiton nan. Na ajiye ta a hankali, na wanke bakina, na ci gaba da yanka albasa. Tsoro ya kama ni, amma wallahi har da daɗi na ji. Wannan daɗin shi ne babban laifina.

Anti Memuna kaɗai ta gane. Kin san ta, 'yar Zangon Kumasi ɗin nan da ke aiki a otal a Al Rigga, mai zuwa ranar hutunta mu yi waina tare. Tana wanke kwanuka, hannunta ya kai kusa da kwalbar sai ta janye shi kamar ta taɓa wuta. Ta juyo ta daɗe tana kallona. Ta ce da Hausarta ta Zango, "Hajiya, wannan ba fulawa ka ajiye ba. Mutum ka ajiye." Na yi mata tsawa, na ce ta kama kanta, camfinsu na Gana ya tsaya musu a can. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ita dai a garinsu ko kaza ce ta mutu ana tona mata rami. Tun daga ranar ba ta ƙara tsayawa a wajen tagar ba, a falo take fere dankalinta. Ina ma na saurare ta. In wani wanda ba shi da abin da zai ci a jikinki ya gaya miki magana mai ɗaci, kada ki yi masa irin tsawar da na yi mata.

Da bizarki ta fito, zafi yana gab da kankama, lokacin yankan rassa. Na sabunta nasa kamar kullum, na kuma yanko naki daga uwar shukar, na kira sunanki, na ɗaura masa jan zare don in bambance, na ba shi kwalbarsa daban. Girmansu ɗaya, ganyensu ɗaya. Ranar da za mu je gwajin lafiyarki, kina bakin ƙofa kina ta "Umma yalla, Umma za mu makara", na shiga kicin na taras kwalbarki ta tsage daga sama har ƙasa, ruwa ya tsiyaye, reshen yana kwance. Ba wanda ya taɓa ta. Cikin sauri na ɗauke shi na tsoma a kwalbar da ta fi kusa, na ce in mun dawo na sauya. Kin san wace kwalba ce.

Mun dawo, ban sauya ba. Ba mantuwa na yi ba, kada in yi miki ƙarya. Na tsaya na gan ku tare a wuri ɗaya, kai da kai, kamar lokacin da yake goya ki a wuya ya kai ki kallon jiragen ruwa, sai na kasa. Na ce bari su kwana ɗaya. Kwana ɗaya ya zama duk tsawon zafin bana.

Ke za ki tuna sauran, ko da yake ba ki san tushensa ba. Ƙishirwar nan da ta addabe ki, kina shan ruwa kamar raƙumi kina cewa bakinki gishiri-gishiri. Kika auna kanki da kanki, ke ma'aikaciyar jinya, kika ce ba sukari ba ne, ba komai ba ne. Wankan da kike daɗewa a ciki har sai na buga ƙofa. Ina gani, ina kuma ganin saiwoyinku a kwalba suna nannaɗe juna, ina ce wa kaina zafi ne kawai yake damun yarinya. Uwar da ta haife ki ce ta yi wannan.

Sai ranar da muka tsallaka Bur Dubai sayen yadin da za ki tafi da shi. Da la'asar ne, abra cike da mutane, ga masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto, injin yana ta ƙara. Muna tsakiyar ruwa na ga kin miƙe daga kan bencin. Kin san abra ba ta da shinge. Kika taka zuwa baki, kika sunkuya kina kallon ruwan kamar mai neman abin da ya faɗa mata, kika ƙara sunkuyawa. Na damƙo abayarki ta baya da hannu biyu na fizgo ki, muka zube tare, mai tuƙin yana ta faɗa da yarensa. Kika dube ni, idonki kamar wadda aka tasa daga barci, kika ce, "Umma, wa ya ce Fisatu?"

Duk duniya mutum ɗaya ne yake kiranki Fisatu. Na ce miki ba kowa, jiri ne, zafi ne, sha ruwa. Hannuna bai saki abayarki ba har muka hau tudu, kina ta mita wai na yamutsa miki kaya.

Muna isa gida na aike ki kanti sayen abin da ba ma buƙata. Na juye kwalbar a cikin roba. Saiwoyin sun dunƙule sun zama curi guda, kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na nemi jan zaren da na ɗaura wa naki. Yana kwance a gindin kwalbar shi kaɗai, ƙullinsa bai kwance ba, bai kuma tsinke ba. Na juya rassan nan biyu, na duba ganye, na duba kara, na shinshina. Ni da na yi shekara da shekaru ina kallon ɗaya daga cikinsu kullum safiya, na kasa cewa ga nasa ga naki. Na sa yatsu na raba su a hankali, ina yi ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ba su rabu da daɗi ba. Ɗaya ya fita da yawancin saiwar, ɗayan ya fita kusan tsirara. Na ba kowanne kofinsa, ɗaya a kicin ɗaya a ɗakina. Washegari kika tashi kika ce yau dai bakinki ya washe, kika cinye ƙosai faranti guda.

Da safen nan na gaya wa Abbanki komai, tun daga ranar da na sunkuya a kan kwalba. Na zaci zai ce camfi. Sai ya sa takalmi ya fita, can sai ga shi da tukwane biyu da buhun ƙasa. Muka jira iska ta yi sanyi. Ranar Juma'ar da ta wuce, kina wajen sallama da ƙawayenki, muka fita baranda. Na dasa mai saiwar. Na tona da hannuna, na sa shi, na mayar da ƙasa na danna. Ban san ko nasa ba ne, amma na ce in nasa ne ba zan bar shi ya shiga ƙasa shiru ba. Na buɗe baki a gaban mahaifinsa na ce, "Mustafa, Allah Ya jiƙanka." Ga shi na rubuta ma, hannuna bai karye ba. Abbanki ya waiga ya dubi ƙofar falo kamar mai jiran a amsa, sannan ya zauna a kan buhun ƙasar ya rufe fuskarsa. Ranar muka yi kukan da ba mu yi ba.

Saura na biyun. Har lokacin ba shi da saiwar da za ta kama ƙasa, dole ya ƙara zama a ruwa. Na shiga kicin neman abin da zan sa shi a maimakon kofin. Nafisa, ban farga ba sai ganina na yi na wanke tsohuwar kwalbar nan, na cika ta, ina goge mata wurinta a taga, zuciyata tana cewa ai wannan ne nasa, wancan na baranda naki ne, ai ba a rasa komai ba. Nan na san ban warke ba. In reshen nan ya kwana a hannuna har ya yi saiwa, ba zan dasa shi ba, zan samo dalili kamar yadda na saba. Zubar da shi kuma ba zan iya ba, don wataƙila naki ne. Na ba Anti Memuna kwalbar ta fita da ita daga gidan, ban tambaye ta inda ta kai ba. Reshen kuma na naɗe shi a auduga na sa miki a jaka.

Na san abin da za ki ce: Umma, kin ga duk wannan kuma kika haɗo ni da shi? Na yi wannan tunanin har kaina ya yi ciwo. Yayanki bai taɓa cutar da ke ba yana raye. Ni ce na tsare abin da ya kamata in saki, na kuma haɗa ki da shi. Ke hannunki ba irin nawa ba ne. Tun kina ƙarama in abu ya ƙare kike cewa ya ƙare, har ina ce miki mai taurin zuciya. Yau wannan taurin nake roƙo.

Ga abin da za ki yi. Ki riƙe shi a ruwa tsawon sanyin nan, yadda na koya miki, don sai ya huta ya yi sabuwar saiwa. Kada ki ba shi suna. Kada ki yi masa hira in kewa ta dame ki, nemi mutum mai rai ki yi da shi, ko ki kira ni ko da tsakar aikinki ne. Kada ki ɗanɗana ruwan. In kin ga fari a bakin kwalba, wanke ki sake zubawa, ki yi addu'a, ki tafi aikinki. In kin ji an ce Fisatu, kada ki amsa, kada kuma ki je bakin kogi ko tafki ke kaɗai kafin ki gama da shi. Da rana ta fara tsawo, ƙanƙara ta narke, saiwar ta kai tsawon ɗan yatsa, ki fara zuba masa ƙasa cokali-cokali a cikin ruwan, kwana bayan kwana, har ruwan ya zama taɓo, don saiwar da ta saba da ruwa ba ta son a jefa ta ƙasa farat ɗaya. Daga nan ki nemi wuri a waje, ƙasa ta gaske, ki tona ki sa shi. Zuciyarki za ta ce bari ya ƙara mako guda, ya yi kyau a taga. Muryata ce wannan, kada ki saurare ta.

In naki ne, kin kafu a inda Allah Ya kai ki, ni kuma na sake ki da hannuna, ban riƙe ki a taga ba. In nasa ne, to ke ce za ki binne Yayanki. Ki kira sunansa da ƙarfi, ke ba kunyar da ta hana ki, ki yi masa addu'a, ki mayar da ƙasa, ki juya baya kamar yadda Inna take yi.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya tsare ki daga sharrin ruwa da sanyi da kaɗaici, da sharrin abin da muke gani da wanda ba ma gani. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya jiƙan wanda ya riga mu, Ya yafe wa uwarki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Kada ki turo mini hotonsa yana cikin ruwa, ko na roƙe ki. Ranar da kika ba shi ƙasa ki kira ni ki ce, Umma, an yi. Ba sai kin ƙara komai ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi